Rundunar 'Yan Sandan Najeriya

Rundunar 'Yan Sandan Najeriya ita ce hukumar da ke da alhakin kama masu laifi da kare rayuka da dukiyoyi a faɗin ƙasar. An kafa ta a 1930, lokacin da Turawan mulkin mallaka suka haɗe rundunar Arewa da ta Kudu. Hedikwatarta na Abuja, a ginin da aka sa wa sunan Louis Edet, ɗan ƙasa na farko da ya zama Sufeto Janar, a 1964.

Jami'anta kimanin 370,000 ne, adadin da ya yi kaɗan ga jama'ar da ta haura miliyan 200, ga shi kuma da yawansu na gadin manyan mutane. Ana horar da kurata a kwalejoji irin na Kaduna da Maiduguri da Ikeja, ƙananan hafsoshi kuwa a makarantar Wudil, jihar Kano.

Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda ce ke da ikon naɗi da ƙarin girma da kora, ban da Sufeto Janar. Ɗan sandan da ya yi laifi kan fuskanci rage girma ko sallama, sai dai koke-koken cin zarafi ba su ƙare ba. Su ne suka jawo zanga-zangar da ta sa aka rushe sashen yaƙi da fashi da makami, wato SARS, a Oktoban 2020.

Caji ofis yana ƙarƙashin babban jami'in yanki, wato DPO. A mashiga akwai kanta da littafin shigar da ƙara, a ciki kuma ɗakin tsare waɗanda ake tuhuma. A bango sau da yawa akan rubuta cewa beli kyauta ne. Bariki da dama sun lalace, wannan na cikin dalilan da suka sa aka kafa asusun tallafa wa rundunar a 2019.