Ƴar Tagar da Ke Wutsiyar Jirgi

A watan Afrilun 1968 wani jirgi mai saukar ungulu samfurin Gazelle ya tashi a kudancin Faransa da wutsiyar da ido bai saba gani ba. Injiniyoyin kamfanin Sud Aviation, Paul Fabre da René Mouille, sun cusa farfelar baya cikin wani zagayayyen rami a jikin wutsiyar, aka raɗa mata suna Fenestron, wato ƴar taga. Dalilin a fili yake: farfelar da ke waje ta sha sare mutane a ƙasa, ta sha taɓa reshe ta kayar da jirgi.

Sai dai kariyar ba kyauta ta zo ba. Idan jirgi ya miƙa da gudu, iska ta kan faɗa ramin ta daki bangonsa na baya, ta hargitse, ta riƙa jan jirgin baya. Kaurin gidan farfelar ma wani nauyi ne, kuma duk a mai ake biya. Dabarar Faransawan ita ce su girke babban fiffike a tsaye bisa ramin, wanda ke karɓe aikin hana jirgi juyawa da zarar gudu ya kankama, farfela ta samu sauƙi. A ganina wannan fiffiken ne ya ceci ƙirar, ko da yake ba a cika ambatonsa ba.

A 1975 an gwada ta a kan Puma, jirgi mai nauyi. Ta ci ƙarfin inji fiye da kima, aka haƙura, aka bar wa Puma tsohuwar farfelarsa.