Daga Ina "Olimfik" Ta Fito?

Yaron da ya karanta littafin Percy Jackson na farko, wanda Rick Riordan ya fitar a 2005, ya san "Olimfus": dutsen da tsoffin Girkawa suka ce a kansa allolinsu suke zaune, Zeus ne babbansu. A littafin, Riordan ya kwashe fadar allolin ya dasa ta a hawa na 600 na ginin Empire State a New York. Wannan dabara ta burge ni ƙwarai.

Sunan ya bi Zeus har Olimfiya, wurin bautarsa da ke kudu, nesa da dutsen. Can aka fara gasar tsere a shekara ta 776 kafin haihuwar Annabi Isa. Da aka farfaɗo da ita a Atina a 1896, sunan ya zaga duniya, har muke cewa "gasar Olimfik".