Daga Ƙofar Kamfani zuwa Titin Dilimi: Nazari kan Hare-haren Bam da Aka Daƙile a Kaduna da Kano a 2012

Tsakure

Wannan maƙala ta duba yunƙuri biyu na tayar da bam a ofisoshin kamfanoni waɗanda ba su kai ga abin da maharan suka nufa ba: na ginin 'yan jarida a Kaduna ranar 26 ga Afrilu 2012, da na ofisoshin MTN da Airtel a Kano ranar 22 ga Disamba 2012. An kwatanta su da hare-haren da suka auku a Jos tsakanin 2012 da 2015, musamman a kasuwar Terminus da titin Dilimi. Abin da nazarin ya gano shi ne, tazarar da ke tsakanin ƙofa da jama'a ita ce ta fi rage ɓarna, kuma kamfani na iya sayen wannan tazara da kuɗinsa, kasuwa kuwa ba ta iyawa.

Gabatarwa

Akasarin rubuce-rubucen da aka yi kan rikicin Boko Haram sun karkata ne ga hare-haren da suka ci rayuka masu yawa, irin na ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya a Abuja ranar 26 ga Agusta 2011, ko na Kano ranar 20 ga Janairu 2012 da ya hallaka kimanin mutum 185. Harin da aka daƙile kuwa, kwana biyu yake yi a jarida a manta da shi. A ganina nan aka bar gini tun ran zane, domin harin da bai yi nasara ba shi ke nuna wane mataki ne na tsaro ya yi aiki. An gina wannan nazari a kan bayanan hukumomin tsaro da na hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, da hukuncin kotu, da rahotannin jaridu na lokacin.

Me ya sa kamfanoni?

A 2012 ƙungiyar ta faɗaɗa jerin abokan gabarta daga 'yan sanda da sojoji zuwa kamfanoni iri biyu. Gidajen jarida ta zarge su da yi mata ƙarya, ThisDay kuma ta riƙe ta da tsohon laifi, wato rubutun gasar sarauniyar kyau ta duniya na Nuwamba 2002 da ya jawo tarzomar Kaduna. Kamfanonin waya kuwa zargin da ta yi musu shi ne suna taimaka wa jami'an tsaro wajen bin sawun 'ya'yanta, a daidai lokacin da rajistar layukan waya da aka fara a 2011 ta kankama. A watan Satumba 2012 aka ƙona turakun sadarwa da dama a jihohin Arewa, kakakin ƙungiyar Abul Qaqa ya ɗauki alhaki. Saboda haka kamfanonin waya sun samu gargaɗi na watanni kafin a doshi ofisoshinsu.

Kaduna da Kano

A Kaduna, Mustapha Umar ya nufi ginin SOJ Plaza da ke titin Kontagora, inda ThisDay da The Sun da The Moment ke da ofisoshi, da mota maƙare da tukwanen gas da aka haɗa da abubuwan fashewa. Mutanen wurin ne suka tare shi. Ya jefa ƙaramin bam da ya kashe mutum 3, amma motar ba ta tashi ba, aka kuma kama shi da rai. A Nuwamba 2013 Mai Shari'a Adeniyi Ademola na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya yanke masa ɗaurin rai da rai. A ranar da aka tare shi, wani maharin ya samu kutsawa harabar ThisDay da ke Jabi a Abuja, motarsa ta tashi a jikin ginin, ɓarnar ta yi muni. Rana ɗaya, ƙungiya ɗaya, jarida ɗaya. Babban bambancin shi ne inda motar ta tsaya.

A Kano abin ya fi fitowa fili. 'Yan ƙunar baƙin wake biyu ne suka nufi ofisoshin Airtel da MTN da motoci a safiyar Asabar. An harbe ɗaya kafin ya kai ga ginin, ɗayan ya ƙare a shinge. Kwamishinan 'yan sandan jihar na lokacin, Ibrahim Idris, ya tabbatar da cewa ban da maharan babu wanda ya mutu. Ƙarfin iskar fashewa yana raguwa da sauri ƙwarai gwargwadon nisa, shi ya sa 'yan mitoci tsakanin ƙyaure da bango suke raba rai da ajali. Katanga, da ƙyauren ƙarfe, da mai gadi, da sojan da aka girke, duk aikinsu ɗaya ne, su sa motar ta tashi nesa da mutane.

Wannan ya dace da ra'ayin Ronald Clarke da Graeme Newman a littafinsu na 2006, cewa ana rage ta'addanci ta hanyar ƙuntata wa mahari damar aikatawa, ko da ba a sauya masa aƙida ba. Sai dai tun 1993 Walter Enders da Todd Sandler sun nuna cewa na'urorin binciken ƙarfe da aka kafa a filayen jiragen saman Amurka a 1973 sun rage fashin jirgi, amma wasu nau'o'in hari sun ƙaru. Kamar ruwan damina ne, ka yi masa dakali a ƙofar gidanka, ya bi ta ƙofar maƙwabci.

Jos: inda babu ƙofa

A Jos ma an ga amfanin ƙofa. Maharin da ya nufi cocin St Finbarr's a Rayfield ranar 11 ga Maris 2012 a bakin ƙofa ya tashi. An rasa rayuka, amma bai kai ga masu ibada da ke ciki ba. Tun bayan harin hedikwatar cocin COCIN ranar 26 ga Fabrairu na shekarar, majami'u da masallatai da bankuna suka shiga kafa durom da sandunan ƙarfe, suna hana ajiye mota kusa.

To, ina za a kafa durom a Terminus? Bayan gobarar babbar kasuwar Jos a Fabrairu 2002 'yan kasuwa suka dawo bakin titi, mai tebur kusa da mai baro, mota na kutsawa tsakaninsu. Ranar 20 ga Mayu 2014 motoci biyu suka tashi a wurin, hukumar agajin gaggawa ta ƙidaya aƙalla gawa 118. A Disamba na shekarar aka sake kai hari a yankin. Ranar 5 ga Yuli 2015, cikin azumi, aka buɗe wuta sannan aka tayar da bam a masallacin 'Yan Taya da ke titin Dilimi, ana tsakiyar tafsirin Sheikh Sani Yahaya Jingir, wani bam ɗin kuma ya tashi a gidan abinci na Shagalinku kan titin Bauchi. Mutum 44 hukuma ta ce sun rasu a wuraren biyu.

Ba zan ce katangar kamfani ce kaɗai ta kora maharan kasuwa ba. Ƙungiyar kanta ta sauya salo bayan dokar ta-ɓaci ta Mayu 2013 da fitowar matasan sa-kai a Maiduguri, ta ɗauki talakawa a matsayin abokan gaba. Amma jerin wuraren da aka kai wa hari daga 2012 zuwa 2015 ya nuna gangara daga gini mai shinge zuwa fili maras shinge. Dilimi kuwa rayuwarta a buɗe take. Mai sayar da taya da mai kayan gyaran mota suna buƙatar mota ta tsaya a ƙofar shagonsu, in an hana ta tsayawa an kashe cinikin.

Saboda haka misalin Kaduna ya fi na Kano amfani ga Dilimi. A Kano kuɗi da bindiga ne suka yi aiki, a Kaduna kuwa idon mutanen da suka san wace mota ce baƙuwa. Wannan idon akwai shi a wurin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da 'yan agajin masallatai, waɗanda a waɗancan shekarun suke laluben masu shiga sallar Juma'a. Matsalarsa biyu ce. Layin da ake yi a wurin lalube shi ma taro ne, kuma a waje da shinge yake. Sannan mutanenmu in abu ya faru rugawa suke yi su taimaka ko su gani. Mutum 3 da suka mutu a Kaduna suna kusa da motar ne, a Terminus kuma bam na biyu ya tashi kimanin rabin sa'a bayan na farko, lokacin da masu ceto suka cika wurin.