Ƙyallin Gilashin Yuraniyom a Ƙarƙashin Hasken Altarabayolet: Me Yake Tabbatarwa Game da Shekaru da Haɗarin Kayan Ado?

Tsakure

Masu tara tsofaffin kayan ado da dillalansu sun mayar da 'yar tocilar altarabayolet alƙali. Duk dutsen wuya ko kofin gilashin da ya yi kore shar a ƙarƙashinta, wasu su ce tsoho ne na asali, wasu kuma su ce guba ce mai fitar da tiririn nukiliya. Wannan maƙala ta bi diddigin hukuncin nan biyu ta tarihin gilashin yuraniyom da ilimin sinadaransa, ta kuma nuna cewa ƙyallin yana bayyana yanayin da sinadarin yake ciki ne kawai a jikin gilashin. Ba ya faɗin shekarar ƙira, ba ya auna tiriri. Haɗarin da ya cancanci a damu da shi yana wajen daka da huda da narkarwa.

Gabatarwa

Wanda ya taɓa ganin ana haska takardar kuɗi da fitila mai ruwan shuni don gano jabu ya riga ya san hasken da ake magana a kai. Ido ba ya ganin mafi yawansa, domin tsawon zangonsa ya gaza na hasken da muke gani. Tocilolin da ke kasuwa galibi masu nanomita 365 ne ko 395. Wasu abubuwa kan haɗiye wannan haske su mayar da shi nan take da launin da ido ke iya gani, da an kashe fitila kuma su mutu. A wannan maƙala an kira wannan hali ƙyallin aro, don a bambanta shi da ƙyallin ajiya, irin na robobin da ke ci gaba da haske cikin duhu bayan sun sha rana, da kuma ƙyallin tsofaffin agogai da aka shafa wa fentin radiyom, wanda tiririn nukiliya ne da kansa ke hura shi. Cakuɗa waɗannan uku shi ne tushen ruɗanin da ake son warwarewa a nan.

Bitar abin da aka rubuta

Ɓangaren kimiyya ba ya buƙatar dogon bayani, don an daɗe da gama shi. George Stokes, a aikinsa na 1852, ya nuna cewa hasken da abu ke mayarwa ya fi wanda ya haɗiya tsawon zango, kuma gilashin yuraniyom na cikin abubuwan da ya yi gwaji da su. Inda gardama take shi ne rubuce-rubucen masu tara kaya, da bayanan da dillalai ke maƙala wa hajarsu. Waɗannan sun yi amfani ƙwarai wajen tattara siffofi da sunayen masana'antu, ba a raina musu wannan ba. Sai dai sun gaji wata al'ada ta saka hoton kaya cikin duhu yana ƙyalli a matsayin shaidar asali, har mai saye ya saba da ɗauka cewa ƙarfin koren shi ne ma'aunin tsufa da daraja. A ɗaya gefen kuma akwai rahotannin da ke haɗa hoton koren gilashi da labarin matan masana'antar agogo ta garin Orange a jihar New Jersey ta Amurka, waɗanda suka riƙa lasar bakin burushi mai fentin radiyom a wajajen 1920 har ƙashin muƙamuƙinsu ya rube. Labarin gaskiya ne, mai ban tausayi, amma jingina shi ga gilashin yuraniyom kuskure ne. Ɓangarorin biyu, duk da saɓaninsu, sun tsaya ne a kan zato guda: wai ƙyallin yana fitowa daga abin da ya sa yuraniyom ya zama abin tsoro.

Hanyar bincike

An dogara ne da tarihin masana'antar gilashi da aka wallafa, da ayyukan Stokes da Henri Becquerel, da rahoton hukumar kula da harkokin nukiliya ta Amurka mai lamba NUREG-1717 na 2001. An auna kowace da'awa da tambaya ɗaya: shin akwai abin da ke ƙyalli amma ba shi da halin da ake jingina wa ƙyallin, ko mai halin da ba ya ƙyalli?

Sakamako da tattaunawa

Martin Klaproth ya gano yuraniyom a 1789, kuma tun kafin a san yana da wani tiriri, masu gilashi suka gane rini ne mai kyau. A shekarun 1830 gidan gilashin Riedel na ƙasar Bohemiya, wadda yau take cikin Jamhuriyar Cek, ya fito da gilashi rawaya da kore ya laƙaba musu sunan Anna. Ma'adinin yana zuwa ne daga ramukan Jáchymov, inda daga baya Marie da Pierre Curie suka samo dusar da suka tace radiyom. Mai karatu da ya san yuraniyom ta hanyar Arlit zai lura cewa haƙar can ta fara ne a 1971, saboda haka babu ruwan ma'adinin Nijar da tsohon gilashin nan. Daga garin Jablonec na Bohemiyar kuma aka riƙa fitar da duwatsun wuya na gilashi zuwa kasuwannin Afirka, cikinsu har da masu kusurwa-kusurwa da ake kira duwatsun basilin saboda launinsu ya yi kama da na man shafawar. Idan aka ɗora ɗaya a tafin hannu da rana, rawaya ne mai ɗan duhun kore, kamar lemun tsami da ya fara nuna, bakin hudarsa ya cinye saboda gogar zare. A shiga da shi ɗaki a rufe taga a haska masa tocila, sai ya koma kamar garwashi kore, hasken ya cika cikinsa har a ga 'yan kumfar iska da suka maƙale tun ranar da aka zuba shi.

Daga ina wannan koren yake fitowa? A cikin gilashin, ƙwayar yuraniyom ɗaya kan haɗu da ƙwayoyin oksijin biyu, su zama abin da masana ke kira yuranil. Ilaktaron ɗin wannan haɗi ne ke haɗiye hasken tocila su yi sama, sannan su sauko suna sakin haske kore. Duk abin yana faruwa ne a bayan ƙwayar zarra, inda ilaktaron ke kewayawa. Tiririn nukiliya kuwa daga cibiyar ƙwayar yake fita, kuma ko an kunna tocila ko an kashe, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Abin mamaki shi ne, wanda ya gano tiririn da kansa ya faɗa irin wannan zato kafin ya fita daga cikinsa. Henri Becquerel ya ɗauka cewa sai gishirin yuraniyom ya sha rana ya yi ƙyalli sannan zai baƙanta farantin hoto. A ƙarshen Fabrairun 1896 hadari ya rufe birnin Paris, ya ajiye gishirin da farantin cikin aljihun tebur, da ya wanke farantin ranar 1 ga Maris sai ya tarar ya baƙanta ba tare da rana ba. Daga baya ya nuna cewa nau'o'in yuraniyom da ba sa ƙyalli ko kaɗan, har da tsantsar ƙarfen, su ma suna fitar da tiririn. Tun a shekarar aka raba ƙyalli da tiriri, amma kasuwar kayan ado ta sake ɗaura musu aure.

Wannan bambanci ne ke rusa da'awar tsufa, kuma nan ne zuciyar binciken. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Amurka ta karɓe yuraniyom daga hannun masana'antu saboda shirin bam, sai a ƙarshen shekarun 1950 aka sake ba su dama. Da suka dawo, yawanci sun koma amfani da ragaggen yuraniyom, wato sauran da aka tsame masa mafi yawan nau'in 235, wanda a ma'adinin asali yake kashi 0.7 cikin ɗari. To amma abin da aka tsame a cibiya yake, ilaktaron ɗin ragagge da na asali iri ɗaya ne. Saboda haka kofin 1840 da na 1990 za su yi kore iri ɗaya, babu idon da zai bambanta su da tocila. Har yau ana ƙera duwatsun ado na gilashin yuraniyom a ƙasar Cek, ana kuma hura shi a garin Kagamino na Japan. Abin da aka shafe kusan shekara 190 ana yi ba zai zama hatimin wani zamani guda ba. Ƙarfin ƙyallin ma ba ya bin shekaru: yawan yuraniyom ɗin da aka zuba, wanda galibi ba ya wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyi, da sauran abin da ke cikin haɗin su ne ke yanke shi. Sinadarin baƙin ƙarfe, alal misali, yana dushe shi, har tsohon kofi na gaske ya kasa sabo haske.

Dillali zai iya cewa, ai duk da haka tocilar tana rage zato. Wannan gaskiya ne, amma ta fuska ɗaya kawai. Idan aka kawo dutsen wuya aka ce an tono shi ne daga kufan Jenne yana da shekara 500, sannan ya yi koren yuranil, to an ƙaryata mai maganar, domin kasuwancin irin wannan gilashi bai fara ba sai ƙarni na 19. Haka aka kama littattafan bogi da aka jingina wa Hitler a 1983: takardarsu na ɗauke da sinadarin ƙara fari mai ƙyalli, wanda bai shiga takarda ba sai bayan yaƙi. Tocila na iya tabbatar da cewa abu bai kai shekarun da aka ba shi ba, amma ba ta iya tabbatar da cewa ya kai. Ko a nan ma sai an yi hattara, don manganis, wanda masu gilashi suka daɗe suna zubawa don wanke launi, shi ma yana ba da kore mai dishi-dishi, musamman a ƙarƙashin tocilar 365, ya kusan ɓacewa a ta 395. Wanda bai gwada da tocilolin biyu ba zai iya kiran gilashin da babu yuraniyom cikinsa da sunan da ba nasa ba. Zaren da aka shirya duwatsun a kai ma ba shaida ba ne: idan ya yi shuɗi-shuɗi, mai yiwuwa sabo ne, mai yiwuwa kuma tsoho ne da aka wanke da omo, tunda garin wanki na ɗauke da irin wannan sinadarin ƙara fari. Abin da ke iya raba gilashin bayan yaƙi da na kafinsa shi ne auna nau'o'in yuraniyom ɗin a ɗakin gwaji, kuma ragagge ne kaɗai ke yanke hukunci.

Batun haɗari ya fi sauƙi, amma ba a yi masa riƙon sakainar kashi ba. Dutsen wilemait na garin Franklin a New Jersey yana yin kore mai ɗaukar ido saboda manganis, babu tiriri a cikinsa. Jajayen farantan tangaran na Fiesta kuwa, waɗanda aka fara sayarwa a Amurka a 1936, suna sa na'urar Geiger mai auna tiriri ta yi ta ƙara fiye da yawancin kofunan basilin, alhali ba sa yin wannan koren. Wanda ya dogara da tocila zai guji marar laifi ya ci abinci a cikin wanda ya fi tiriri. Rahoton 2001 ya ƙiyasta cewa abin da mai ajiye gilashin yuraniyom ke samu ɗan ƙanƙani ne idan aka gwada da tiririn da kowa ke sha daga ƙasa da iska da sararin sama, wanda matsakaicinsa a duniya milisibat 2.4 ne a shekara. Akwai ƙorafi ɗaya da ya kamata a saurara: kofi a kan kanta yake zama, amma sarƙa da jigida a jikin fata suke kwana. Hukumar Amurka ɗin ta dakatar da izinin fentin gilashi mai yuraniyom da ake yi wa sarƙoƙi da 'yan kunne a 1983 saboda irin wannan damuwa. Don haka dutsen basilin ya fi dacewa da kwalliyar biki a kan tufafi, kada a ɗaura wa yaro shi, domin yaro baki yake kai komai.

Babban haɗarin yana hannun mai sana'a. Muddin gilashin yana dunƙule, yuraniyom ɗin a ɗaure yake cikinsa. Da an goge shi da dutsen wasa wuƙa, ko an faɗaɗa hudarsa a bushe, ko an daka shi, ya zama ƙurar da ke shiga huhu, kuma yuraniyom, ko ba don tiriri ba, ƙarfe ne mai illa ga ƙoda. Wannan ya shafi yankinmu kai tsaye, domin masu yin duwatsu na Krobo a Ghana garin kwalba suke dakawa su tankaɗe su zuba a mazubi, masagan Bida kuma fasassun kwalabe suke narkarwa. Duk inda ake sayen fasasshen gilashi a buhu, tsohon guntun basilin na iya shiga ciki ba a sani ba. A nan ne tocilar ke da aiki na gaske, aikin tsince abin da bai kamata ya shiga turmi ba.

Iyakokin binciken

Dole a amsa cewa wannan maƙala ba ta kawo sabon awo na ɗakin gwaji ba, kuma alƙaluman da ta dogara da su an tattara su ne a kan kayan Turai da Amurka, inda yadda ake amfani da duwatsun ado ya bambanta da namu. Ba ta kuma taɓa fenti da robobi masu ƙyalli na zamani ba, waɗanda rininsu ba ma'adini ba ne. Waɗannan na iya sauya ƙiyasin abin da fata ke samu, amma ba sa taɓa hujjar ilaktaron da cibiya, wadda a kanta komai ya tsaya.

Kira ga masu adana kayan tarihi da masu sana'a

Gidajen adana kayan tarihi su daina rubuta shekarar dutse a kati bisa ƙyallinsa kaɗai, su rubuta launin da ya bayar da zangon tocilar da aka haska shi da ita, su bar batun shekaru ga siffar yanka da huda da tarihin inda aka samo shi. Masu daka gilashi kuma su haska buhun kafin su juye shi, duk guntun da ya yi kore shar a ƙarƙashin tocilar 395 a ware shi gefe.