Daga jirgin Jakande zuwa hular kwano: alkawuran zaɓe a unguwarmu Agege

Abin da ya sa na ɗauko wannan zance shi ne wata tsohuwar hular kwano da na tsinta a rumfar Babanmu ran da muke kwashe huhunan goro. Hular ta dafe, amma har yanzu ana ganin hoton wani ɗan takara manne a goshinta. Na tambayi Baba ta wace ce, sai ya ce ta wani ɗan ƙanensa ce da ya yi acaɓa a nan Legas, an raba musu lokacin kamfe, kuma shekara ba ta zagayo da kyau ba aka kama babur ɗinsa, ya tattara ya koma gida. Daga nan hira ta ɓarke, har ya kai ni zamanin da ba a haife ni ba.

Da farko dai, mu kanmu harkar sufuri ce ta kawo mu Agege. Turawa sun shimfiɗa layin dogo daga Legas ya kai Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911, kuma Agege na kan wannan layi. Ga goro ana nomawa a yankin, ga jirgi mai kai shi Arewa ya dawo da shanu, shi ke nan fatake suka sauke kaya, Zango ya kafu, aka naɗa Sarkin Hausawa. Kakana a jirgin nan ya zo. Saboda haka in ana maganar hanya da mota a Legas, ba maganar wasu ake yi ba, tamu ce.

Baba ya ce alkawarin farko da ya ji da kunnensa na Alhaji Lateef Jakande ne, wanda ya yi gwamna daga 1979 zuwa 1983 a jam'iyyar UPN, Yarabawa suna ce masa Baba Kekere. Mutumin ya gina makarantu da gidaje masu sauƙin kuɗi, ya sa jiragen ruwa na fasinja, sannan a 1983, shekarar zaɓe, aka aza harsashin jirgin ƙasa na cikin gari da zai tashi daga Marina. Ya ci zaɓen, amma ranar 31 ga Disamba sojoji suka kifar da gwamnatin Shagari, kuma a 1985 gwamnatin Janar Buhari ta soke kwangilar. Haka mutanen Legas suka ci gaba da cusa kansu cikin moluwe da danfo, wasu a zaune, mafi yawa a tsaye, kwandasta na lilo a bakin ƙofa.

Da tattalin arziki ya taɓarɓare a ƙarshen shekarun 1980, motoci suka yi ƙaranci, sai babur ya cike giɓin, shi ne okada, wato acaɓa a bakinmu. Kanar Buba Marwa, wanda ya riƙe jihar daga 1996 zuwa 1999, shi ya shigo da mai ƙafa uku, har gobe Keke Marwa ake ce masa. Da aka dawo siyasa a 1999, 'yan takara ba su daɗe ba suka gane amfanin ɗan acaɓa: yana da ƙungiya, yana da shugaba, kuma in aka jera babura ɗari biyu suna hon a gaban ayari sai ka rantse gari ne ya fito. Ladansa kuɗin mai, riga mai hoto, da hular kwano.

Ba zan ce ba a yi aiki ba, don ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Gwamnatin Tinubu ta kafa hukumar LAMATA, kuma a watan Maris na 2008, zamanin Fashola, motocin BRT suka fara aiki daga Mile 12 zuwa CMS, kilomita 22, a layinsu na daban da gosulo ba ya tarewa. Duk wanda ke sana'a a kasuwar Mile 12 ya san sauƙin da aka samu. To amma gwamnatin ce dai a watan Agusta na 2012, shekara guda da 'yan watanni bayan zaɓen 2011, ta yi dokar da ta hana acaɓa bin tituna 475. A daidai wannan lokaci kuma ƙofofi na rufuwa a gida. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja tun 2006, an hana a Maiduguri a 2011 saboda rikicin Boko Haram, Kano ta bi sahu a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. Ina samarin za su nufa? Da yawa Legas suka yo, cikin tirelar shanu, babur a gefe.

Da yawansu ya ƙaru, sai maganar acaɓa ta koma maganar ƙabila. A watan Maris na 2016 rigimar da ta faro kan ɗan acaɓa a wajejen Mile 12 ta zama faɗan Hausawa da Yarabawa, aka rasa rayuka, aka ƙona gidaje, Gwamna Ambode ya rufe kasuwar na wani lokaci, tumatir da attaruhu suka ruɓe a mota. Daga 1 ga Fabrairu 2020 Gwamna Sanwo-Olu ya hana acaɓa da keke a ƙananan hukumomi 6 da yankunan raya ƙasa 9. A 1 ga Yuni 2022, bayan kashe wani matashi a Lekki da aka zargi 'yan acaɓa da yi, aka sake jaddada haramcin a Ikeja, Surulere, Eti-Osa, Apapa, Lagos Island da Lagos Mainland, a Satumba aka ƙara Kosofe, Mushin, Oshodi-Isolo da Shomolu. Baburan da aka kama kuwa a bainar jama'a aka murƙushe su.

Gaskiya ɗaya ce: akwai laifin namu. Na ga yaron da bai san hannun hanya ba ya ɗauki mace mai goyo ya shiga gaban tirela. Akwai masu gudu a hannun da ba nasu ba, akwai masu taruwa su yi wa direba rubdugu in an buge ɗaya daga cikinsu. Gwamnati ta ce haɗari da fashi ne hujjarta, kuma ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Tambayata ita ce, waɗanda suka raba hula ba su san da haka ba ranar da suke rabawa?

Shi kuwa jirgin Jakande sai da ya kwashe shekara 40 kafin ya iso. A Janairun 2023, wata guda kafin zaɓe, aka ƙaddamar da layin Marina zuwa Mile 2, kilomita 13, kuma ikon Allah, Buharin nan dai ne ya yanke ƙyallen. Fasinja sai a Satumba suka fara shiga. Layin da ya ratsa ta wajenmu, daga Agbado zuwa Oyingbo, Shugaba Tinubu ya buɗe shi a Fabrairun 2024, ya fara ɗaukar mutane a Oktoba. Gadar sama ta Pen Cinema, wadda aka buɗe a 2021, ta rage mana azabar tsallaka layin dogo. Ran da na raka Baba ya shiga jirgin daga tashar Agege, shiru ya yi har Oshodi, sannan ya ce, "Kai yaro, ina saurayi aka ce mana gobe ne."

Abin da na lura da shi a zaɓuka biyun da na gani da wayona shi ne, maƙwabtanmu Yarabawa in ɗan takara ya zo, ƙungiyar masu gidaje ce ke tare shi da takarda: ga kwatar da ta toshe, ga titin da ruwa ya cinye, ga taransifoma. Mu kuwa ana zuwa fada, a gaisa, a ce "ranka ya daɗe, jama'arka tamu ce", a ajiye buhunan shinkafa, a yi addu'a a watse. Ga shi da yawanmu katin zaɓenmu na Kano ne ko Katsina ko Sakkwato, zaɓe na matsowa sai a cika mota a tafi gida, wasu don tsoron rikici. Mutumin da ya san ƙuri'arka ba a mazaɓarsa take ba, don me zai gyara maka lambatu?

Ni dai na mayar da rajistata Agege kafin zaɓen 2023, na kuma lallashi yara huɗu na layinmu suka yi haka. Baba ya ce wahalar banza nake. Wataƙila. Amma mun zauna da samarin masallacinmu mun rubuta abu uku da za mu miƙa wa duk mai neman kansila ko ciyaman: a yashe kwatar bayan kasuwa kafin damina, a rage tikitin da agbero ke karɓa wajen masu keke da 'yan dako, kuma in za a hana acaɓa a unguwa a ba da wa'adi da abin yi tukuna. Hular kuwa na wanke ta na rataye a rumfa, in sun zo in nuna musu.

Allah ya ba mu shugabanni masu tausayi, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Sai mun sake haɗuwa.