Furfuri zuwa Tsafe a ƙarshen kaka: tarihin da ke bakin titi

1/ Jamusawa na da wata al'ada. In kaka ta zo ƙarshe, kafin ƙanƙara ta rufe hanya, sai mutum ya ɗauki mota ya bi ta cikin duwatsun Schwarzwald, wato Baƙin Daji, daga Baden-Baden zuwa Freudenstadt, kimanin kilomita 60, yana tsayawa yana kallo. Mu ma muna da duwatsu, muna da ƙarshen kaka. Ni da abokaina uku mun tsara irin wannan tafiya a Nuwamba: Furfuri, Gusau, Kwatarkwashi, Tsafe. Ku biyo ni ku ji abin da ke kan hanyar.

2/ Me ya sa Nuwamba? Ruwa ya ɗauke, an girbe gero tuntuni, ana kan dawa da wake da auduga. Karan da ya rufe gefen titi duk damina ya fara faɗuwa, ido na kaiwa nesa. Hazon hunturu kuma bai yi kauri ba tukuna. Ka bari sai Janairu, kana gindin dutse ma da ƙyar za ka ga kansa.

3/ Abin da zai ba ku mamaki: Jamusawa sun riga mu yin tafiyar nan, kuma a irin wannan lokaci. A ƙarshen 1885, Paul Staudinger da Ernst Hartert suka taso daga Zariya suka ratsa ƙasar Zamfara za su wurin Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu, ɗauke da wasiƙa da kyaututtukan sarkin Jamus Wilhelm na ɗaya. Ba yawon buɗe ido suka zo ba. A Fabrairun shekarar aka tashi daga taron Balin, kowace ƙasar Turai na rige-rigen kafa ƙafa a bakin Kwara da Binuwai.

4/ Sun makara. Watanni kaɗan kafin su iso, Joseph Thomson ya riga ya je Sakkwato da Gwandu a madadin kamfanin Ingila, ya koma da takardun da Ingilishi suka riƙa kafa hujja da su. Jagoran Jamusawan, Eduard Flegel, ya mutu a 1886. Staudinger ya koma gida ya fitar da littafinsa kan ƙasar Hausa a 1889. Wani lokaci nakan ce da abin ya juya, da yanzu da Jamusanci muke faɗuwa jarabawa.

5/ Zangon farko Gusau, nan kusa da mu. Kun taɓa tambayar kanku me ya sa sarautar garin take Sarkin Katsinan Gusau, alhali muna Zamfara? Saboda kafin jihadi wannan yanki, har da Kwatarkwashi da Tsafe, yammacin ƙasar Katsina ne, abin da ake kira Katsina Laka. Malam Sambo Ɗan Ashafa, almajirin Shehu, shi ya kafa Gusau a farkon ƙarni na 19.

6/ Amma jirgin ƙasa ne ya tayar da garin. Layin dogo daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929, don kwasar auduga da gyaɗa. Za mu tsaya a tashar minti goma. Ba wani abin kallo sosai, sai dai tunani.

7/ Daga nan sai hanyar Funtuwa, sai Kwatarkwashi. Nan zan daɗe, ku yi haƙuri. Duk wanda ya taɓa zuwa Zariya daga Gusau ya ga dutsen nan ta tagar mota, amma mu nawa ne muka taɓa sauka? Dutse ne na sanƙarau guda, ya taso tsakiyar fili, garin na kwance a gindinsa. A ƙaramar hukumarmu ta Bunguɗu yake, amma sai ka samu ɗan Furfuri ya san Abuja bai san shi ba.

8/ Mutanen da ba don kyau suka zauna gindin dutse ba. Dutse garu ne wanda ba a gina ba. Mahayin doki ba ya hawansa, mai tsaro na hango ƙurar mahara tun daga nesa, akwai kogo da lungu na ɓoye mata da yara da hatsi. Shi ya sa tsofaffin garuruwan yankin nan suka manne wa duwatsu, kuma shi ya sa al'adun Maguzawa suka daɗe a Kwatarkwashi bayan jihadi ya game ƙasa.

9/ Cikin al'adun nan har da kamun maiki, inda a da samari ke hawa dutsen su kamo tsuntsun a sheƙarsa. Maiki babbar ungulu ce mai yin sheƙa a goshin dutse inda ƙafa ba ta kaiwa, kuma masana tsuntsaye sun daɗe da sanin Kwatarkwashi a matsayin wurin da ya taɓa hayayyafa a Najeriya. A littattafan kimiyya sunan wani Bajamushe ɗan Farankfot aka laƙaba masa, Eduard Rüppell. Tsuntsunmu, sunan wani.

10/ Kar ku raina maiki. A Nuwamban 1973 ɗaya ya yi karo da jirgin sama a sararin Abijan, a tsayin mita 11,300. Yau kuwa yana cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, tun 2015 aka sa shi a wannan sahu. Guba da ake sa wa mushe na kashe su, masu neman sassansu don haɗa magani na kashe su. In muka ga ko ɗaya yana shawagi, tafiyar ta biya kuɗin mai.

11/ Af, shi Hartert ɗin da na ambata a sama, tsuntsaye ne sana'arsa. Daga baya ya shafe shekaru masu yawa yana kula da gidan adana tsuntsaye na Tring a Ingila.

12/ Zango na ƙarshe Tsafe, kuma dalilin zuwa shi ne 'Yandoto. Tsohon garin malamai ne tun kafin a san da Gusau. Labarin baka ma ya ce daga nan Korau ya fito, ɗan kokawar da ya kayar da Sanau ya hau sarautar Katsina. Da jihadi ya zo, da yawa daga malaman 'Yandoto suka ƙi ba da kai, Muhammadu Bello ya zo da runduna ya ci garin wajen 1806. Malamai da malamai ne suka saɓa, ba wai masu ilimi da jahilai ba, kuma wannan ɓangaren ba a cika koya mana shi ba. Sunan bai mutu ba: har yau sarkin Tsafe 'Yandoton Tsafe ake ce masa.

13/ Yanzu maganar da kowa ke jira. Eh, na san halin da hanyar nan take ciki. Bajamushe in zai shiga duwatsunsu, damuwarsa tayar ƙanƙara da hazo. Mu damuwarmu wa ke bayan dutsen. Mafakar da ta tsare kakanninmu daga mahara, irinta ce 'yan bindiga ke fakewa a ciki yau. Ba mu manta Satumbar 2021 ba, da aka kashe layukan waya a jihar nan gaba ɗaya.

14/ Don haka ga tsarin, ba jarumta a ciki. Ba fita sai rana ta ɗaga motoci sun fara zirga-zirga. Kafin mu bar Gusau za mu tambayi direbobin tasha, su ne jaridar hanya. Ba sauka daga kwalta. A Kwatarkwashi sai mun je fada mun yi gaisuwa mun nemi izini da ɗan rakiya, in aka ce kar a hau, daga ƙasa za mu kalla. La'asar a Gusau za ta same mu, in sha Allahu.

15/ 'Yandoton Daji kuwa, in mutanen Tsafe suka ce a dakata, mun dakata, mu sha fura a cikin gari mu juyo. Baba ya riga ya ce sai ya ji daga bakin wani amininsa direba kafin ya ba da makullin mota. 'Yan Kwatarkwashi da ke nan, wace shekara kuka ga maiki na ƙarshe a kan dutsen? Ku rubuto min a ƙasa, ina tattarawa kafin ranar tafiya.