Daga Allon Zayyana zuwa Fuskar Kwamfuta: Tarihin Ƙofar Shiga Sana'ar Tsara Zane a Ƙasar Hausa

Kowace sana'a a ƙasar Hausa tana da ƙofar da ake bi a shige ta. Ɗan maƙeri yakan fara da zuga wuta shekara da shekaru kafin a miƙa masa masaba, ɗan marini kuwa yakan daɗe yana ɗebo ruwa da toka kafin a yarda ya tsoma zane a baba. Sana'ar da matasanmu ke kira dizain, wato tsara rubutu da hoto da launi a kan takarda ko fuskar na'ura domin isar da saƙo, ita ce a yau ake ɗauka ba ta da ƙofa. Duk wanda ya mallaki waya yana iya kwana bai san komai ba, ya wayi gari ya buga wa kansa tambari yana neman masu ba da aiki. Ni kuwa ina ganin ƙofar tana nan. Ta sauya wuri ne sau uku cikin shekaru ɗari da 'yan kai, kuma a sauyin ƙarshe muka yar da wani abu wanda ya kamata mai shiga sana'ar yau ya koma ya ɗauko.

Masu tsara shafi na farko a ƙasar nan su ne marubutan Alƙur'ani da littattafan ilimi. Takardar da suke rubutu a kai daga Italiya ake kawo yawancinta, a sauke a Tarabulus, raƙuma su ratso Sahara da ita, kuma idan aka ɗaga ta ga haske sai a ga alamar jinjirin wata uku a jikinta. Abin da ya yi irin wannan tafiya ba a ba yaro ya yi gwaji da shi. Saboda haka almajiri yakan fara da allo, ya rubuta, malam ya duba, a wanke, gobe a sake. Yana kolo ya zama titibiri, ya zama gardi, hannunsa yana faɗawa a hankali, kafin wata rana, in Allah ya nufa, ya kai ga rubuta Alƙur'ani da ka a kira shi alaramma.

Wanda ya buɗe ɗaya daga cikin waɗannan rubuce-rubuce na riwayar Warshu zai ga cewa kowane launi aiki aka ba shi. Baƙar tawada ta ɗauki haruffa, ja ta ɗauki wasula, rawaya ta nuna hamza. A gefen shafi an bar fili, an zana alamun hizifi da rubu'i da sumuni da wuraren sujada, yadda mai karatu zai gane inda yake tun kafin ya karanta kalma ɗaya. Idan yaro ya sauke, sai a yi masa allon zayyana mai layuka da da'irori masu auna juna. Abin da makarantun zane ke koyarwa a yau game da fifita babban saƙo a kan ƙarami, da barin sarari domin ido ya huta, waɗannan malamai sun yi aiki da shi tun kafin a ba shi suna. Haka kuma ba a ɗaukar rubutu ya kammala sai wasu mahaddata sun bi shi harafi harafi. Wannan al'ada ba ta mutu da zuwan injin ba, domin rubutun hannun irin su Sharif Bala na Gabari a Kano ne aka riƙa ɗauka ana bugawa a madaba'a ana sayarwa a kasuwanni.

Ƙofa ta biyu boko ne ya buɗe ta. A 1909 Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano. A 1929 aka kafa Hukumar Fassara, wadda ta koma Zariya ta zama Hukumar Talifi a ƙarƙashin Rupert East, kuma daga gasar da ta shirya a 1933 aka sami Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Matsalar da ta tsaya wa masu wannan aiki ta tsara zane ce tsantsa: harufan Turawa ba su da siffar sautin da ke farkon ɓera da ɗaki da ƙasa. An gwada ɗigo, an gwada waƙafin sama, har a shekarun 1930 aka tsaya a kan haruffa masu ƙugiya, bisa shawarwarin da masana harsunan Afirka irin su Diedrich Westermann suka bayar. Ashe ƙugiyar nan da muke gani wani ne ya zauna ya zana ta, wani kuma ya zuba ta a dalma.

Da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a watan Janairun 1939, Abubakar Imam yana editanta, sannan aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, sai aka sami sabon irin ma'aikaci. Mai jera haruffa yana tsintar su ɗaya bayan ɗaya daga akwati, yana karanta su a juye kamar a madubi. Mai gyara yana bin gwajin farko da jan alƙalami. Mai zane yana yin hoton da za a sassaƙa a faranti. Mai ɗinki yana haɗa littafi. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta fitar da littattafan koyon karatu da jaridun larduna kamar Sodangi ta Kano da Himma ta Katsina da Zaruma ta Sakkwato, duk domin mutanen da ba su daɗe da fara haɗa baƙi ba. Irin waɗannan masu karatu ba sa jure rikitaccen shafi, don haka dole harafi ya fito fili, layi ya yi sarari. Yaron da ya shiga madaba'a yakan fara da share ɗaki da mayar da haruffa gidajensu, kuma kuskurensa ba ya wuce teburin mai gyara.

Ƙofa ta uku ita ce ta makaranta. A ƙasashen Turai sana'ar ta riga ta sami suna da darasi: an buɗe makarantar Bauhaus a Jamus a 1919, kuma ana danganta sunan da ake kiran mai wannan sana'a da shi a Turance ga wani Ba'amurke, W. A. Dwiggins, a 1922. A Nijeriya, sashen zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ya taso daga Ibadan ya dawo Zariya a 1955, a nan kuma a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar da ta dage a kan cewa ɗan Afirka ya haɗa abin da ya koya a aji da abin da ya gada a gida. Kwalejin ce ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Sai dai wannan ƙofa ƙunci gare ta. 'Ya'yan Hausawa kaɗan ne suka bi ta, wani ɓangare saboda ƙarancin masu kaiwa matakin, wani kuma saboda ƙyamar da iyaye da yawa ke yi wa zana abu mai rai. Aikin yau da kullum sai ya zauna a hannun masu fenti na bakin titi, waɗanda ke rubuta allunan shaguna, su yi wa manyan motoci ado da karin magana, su sassaƙa hatimi a roba. Su ma da ubangida suke koyo, kuma yaro ba ya taɓa allon mai kuɗi sai hannunsa ya daina rawa.

Ƙofa ta huɗu daga Amurka aka fara buɗe ta. A 1984 kamfanin Apple ya fito da kwamfutar Macintosh, a 1985 manhajar PageMaker ta ba mutum guda damar tsara shafi a kan tebur, CorelDRAW ta biyo baya daga Kanada a 1989, Photoshop kuma a 1990. Wannan ya zo daidai da lokacin da ƙasarmu ke cikin wani hali. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya daga littattafan hira. Marubutan Kano, irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino, suka koma buga littattafansu da kansu, kuma kowane littafi yana buƙatar bango mai jan ido a tsakanin tsararsa a kan tebur. A 1990 aka yi fim ɗin Turmin Danya, masana'antar finafinai ta kafu, ga fosta, ga kwalin kaset. Da mulkin farar hula ya dawo a 1999 bangayen birane suka cika da fuskokin 'yan takara. Aka ƙara da katin gayyata da kalandar biki da sitika. Aiki ya yi yawa, shagunan kwamfuta suka buɗe a kowace unguwa, saurayi yakan koyi CorelDRAW cikin 'yan watanni ya fara cin abinci.

Ba na raina wannan zamani, domin ya rufa wa gidaje masu yawa asiri, ya kuma ba Hausa damar bayyana a wuraren da da can Turanci kaɗai ke hawa. Amma aikin da mutum huɗu ko biyar ke yi a Kamfanin Gaskiya ya taru a hannun yaro ɗaya, kuma kujerar da aka fara cirewa ita ce ta mai gyara. Abin da ya fi shan wahala shi ne ƙugiya. Nau'o'in haruffan da suka zo cikin kwamfutoci ba domin mu aka zana su ba. An yi ƙoƙari a shekarun 1980, lokacin da aka tsara haruffan bai-ɗaya na harsunan Nijeriya tare da gudummawar gwanin zana haruffa na Jamus, Hermann Zapf, kuma tsarin Unicode ya ba ɓ da ɗ da ƙ gurabensu tun farkon shekarun 1990. Duk da haka yawancin kyawawan haruffan da masu dizain ke so ba su ɗauke da su, sai aka zaɓi kyau aka bar daidai. Baƙi suka zama baki, ƙafa ta zama kafa, ƙura ta zama kura. Mai karatu yakan gane daga mahalli, amma yaron da ya tashi yana ganin haka a bangon littafi da allon makaranta zai ɗauka haka ake rubuta harshensa. Abin da aka sha wahala aka zuba a dalma, mun sake shi a lokacin da sanya shi bai fi danna maɓalli ba.

Tun da wayar salula ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, sannan manyan wayoyi suka bazu, aka sami manhajoji irin su Canva, wadda ta fito a 2013 da shirye-shiryen zane waɗanda sai dai a sauya suna da hoto, yanzu ga ƙirƙirarriyar basira tana haɗa hoto daga umarnin jimla ɗaya. Iya sarrafa manhaja ya daina bambanta kowa da kowa, farashin aiki kuma yana faɗuwa saboda mai ba da aiki yana ganin shi ma zai iya. A nan ne tarihin da na bayar yake da amfani ga mai son ya mayar da wannan aiki abin dogaro. A ƙofofi ukun farko akwai wanda ke tsaye yana cewa a sake: malam a tsangaya, mai gyara a madaba'a, ubangida a rumfar fenti, malamin aji a Zariya. A ta huɗu babu kowa, don haka sabon shiga shi zai nemo wa kansa mai tsaron ƙofa. Ya kai aikinsa ga wanda ya fi shi, wanda ba zai yaba masa don kunya ba, ya kuma jure jin cewa bai yi ba.

Bayan wannan, ya san ƙa'idojin rubutun harshen da yake tsarawa, ya tara nau'o'in haruffan da ke da ƙugiya, ya ƙi sakin aiki sai wani ya karanta. Ya zauna da tsohon rubutun hannu, da aikin aska takwas a ƙirjin babbar riga, da dagin da magina ke yi a fuskar soro, ya lura da yadda aka raba fili da yadda aka auna nauyin kowane ɓangare, domin manna dagi a kusurwar fosta bai isa a ce an yi gado ba. Ya riƙe amana: kada ya ɗauki hoton wani ba izini, kada ya ƙawata ƙarya don an biya shi, ya yi magana a kan kuɗi da lokaci da yawan gyara tun kafin ya fara, ya kuma adana ayyukansa mafi kyau, domin su ne shaidar da mai ba da aiki zai nema kafin takardar makaranta.

Dalilin da ya sa na ɗauki wannan da nauyi shi ne, yawancin Hausar da yaro zai karanta a yau ba a littafi zai gan ta ba. Zai gan ta a sanarwar rigakafi da ke yawo a WhatsApp, a kwalin magani, a allon asibiti, a takardar wayar da kan masu zaɓe. Duk waɗannan ta hannun wani matashi mai kwamfuta ko waya suke bi kafin su iso gare shi. Idan matashin ya jera saƙon yadda tsohuwa mai raunin gani za ta gane ranar da za ta kai jikanta allura, ya rubuta ƙarfe da ƙugiyarsa, ya bar sarari a inda ya dace, to ya shiga sana'ar ta ƙofar da alaramma da mai jera haruffa suka bi, kuma irin wannan ma'aikaci ne mai ba da aiki ke komawa wurinsa karo na biyu.